Daga Talla Zuwa Rumfa: Sana'ar Abinci da Zaman Tare a Birnin Singafo

Gabatarwa

Abinci yana daga cikin abubuwan da suka fi saurin tona asalin mutum. Mutum yana iya sake tufafinsa, ya ari harshen wasu har ya ƙware a cikinsa, amma da wuya ya rabu da abin da ya tashi yana ci, ko ya daina ƙyamar abin da aka hore shi da ƙyamarsa tun yana yaro. Saboda haka duk garin da ya tara jinsuna dabam-dabam ba shi da makawa sai ya fuskanci wata tambaya, watau yaya mutanensa za su ci abinci a wuri guda, alhali kuwa abin da wannan yake marmari, wancan ko ƙanshinsa ba ya son ji? Wannan maƙala za ta duba yadda aka ɓullo wa wannan matsala a birnin Singafo na kudu maso gabashin Asiya, inda cin abinci a waje ya zama al'adar yau da kullum ga mai kuɗi da talaka. Za a bi sana'ar sayar da dafaffen abinci tun daga lokacin da ake yawon talla da shi a kan titi, har zuwa sa'ad da hukuma ta tattara masu yin ta a ƙarƙashin rufi ɗaya, domin a ga irin zaman taren da wannan tsari ya haifar, da iyakarsa, da kuma abin da yake neman cin ƙarfinsa a yau.

Birnin Gwauraye

Singafo ɗan tsibiri ne da ke daf da ƙarshen zirin ƙasar Malesiya ta kudu, kusa ƙwarai da layin da ya raba duniya biyu, don haka zafi da gumi ba sa yankewa a can duk shekara. Faɗin ƙasar duka bai kai murabba'in kilomita 750 ba, amma mutanen da ke cikinta sun kai wajen miliyan 6. Daga cikin 'yan ƙasa da masu zaman dindindin, kusan kashi uku cikin huɗu Sinawa ne, wajen kashi 13 cikin ɗari Malayawa, wajen kashi 9 kuma Indiyawa, waɗanda galibinsu Tamil ne daga kudancin Indiya. Ƙasar noma kuwa babu ita sai ɗan abin da ba a rasa ba. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na abincin da ake ci a birnin daga waje ake shigo da shi.

A shekarar 1819 wani Baturen Ingila mai suna Stamford Raffles ya kafa tashar fatauci a tsibirin, ya kuma mai da ita tashar da ba a karɓar kuɗin fito. Nan da nan sai baƙi suka yi ta kwararowa. Daga kudancin ƙasar Sin aka sami Hokkien da Teochew da Kanton da Hakka da mutanen tsibirin Hainan, kowannensu da karin harshensa. Daga Indiya aka sami Tamil, Hindu da Musulmi. Ga kuma Malayawa, da Jawa da Bugis daga tsibiran da suke cikin Indonesiya a yau, da fatake Larabawa daga Hadramaut. Tun a 1822 aka tsara wa kowane jinsi unguwarsa, don haka rarrabuwa tana cikin harsashin birnin.

Abin lura a nan shi ne, yawancin waɗannan baƙi maza ne, sun baro iyalinsu a gida da niyyar su tara 'yan kuɗi su koma. 'Yan dako ne a tashar jiragen ruwa, da leburori, da masu jan keken ɗaukar mutane, suna kwana a cunkushe cikin ɗakunan haya waɗanda ko wurin kafa murhu babu. Garin da gwauraye suka yi wa yawa kuwa, dole a sami mai dafa musu. Daga nan sana'ar ta samo asali. Jarin da take bukata kaɗan ne, ba ta neman takardar makaranta, ba ta kuma neman mutum ya iya harshen masu mulki. Mai talla yakan saɓa sanda a kafaɗa kamar ɗan garuwa, murhun gawayi a rataye ta gaba, tukunya da kwanuka ta baya, duk inda aka tsai da shi sai ya sauke ya dafa nan take. Wasu sukan tura amalanke. Masu taliya suna da yaron da yake wucewa gaba yana ƙwanƙwasa guntayen gora biyu, masu gida su ji su leƙo. Da farko kowa mutanen garinsu yake dafa wa, da irin ɗanɗanon da suke kewa. Amma yunwa da araha ba su san unguwa ba, sannu a hankali ciniki ya ƙetare iyaka.

Tashin Masu Talla Daga Titi

Hukumar mulkin mallaka ba ta taɓa jin daɗin masu talla ba, kuma tana da dalilinta. Ba su da ruwan famfo, a bokiti guda ake ɗauraye kwanuka tun safe har dare, sauran abinci kuma a zuba a kwata, ɓeraye da ƙudaje su yi biki. An sha danganta ɓarkewar kwalara da zazzaɓin taifot da abincin titi. Ga tare hanya, ga gobara. Jami'an da suke kamen masu talla sun yi suna har Sinawa suka laƙaba musu wani suna mai ma'anar "bijimin ƙasa", da zarar an kira shi sai kowa ya suri kayansa ya ranta a na kare. Bayan mamayar Japan ta 1942 zuwa 1945 rashin aiki ya ƙaru, masu talla suka ninka. A 1950 aka naɗa kwamitin bincike a kansu, wanda ya amince cewa duk da ɓarnar da ake kuka da ita, talakan birni ba shi da wata madogara ta abinci mai sauƙin kuɗi sai su.

Gyara na haƙiƙa bai zo ba sai bayan da Singafo ta rabu da Malesiya ta zama ƙasa mai cin gashin kanta a ranar 9 ga Agusta 1965. Gwamnatin Lee Kuan Yew tana son jawo masu zuba jari, tana kuma ganin cewa birni mai ƙazanta ba zai jawo kowa ba. Tana iya korar masu talla kawai, kamar yadda birane da yawa suka gwada suka kasa, domin wanda aka kora da safe yakan dawo da yamma muddin mai saye yana nan. Maimakon haka sai ta bi wata hanya. A 1968 da 1969 aka yi wa masu talla rajista a duk faɗin tsibirin, aka ba su lasin na wucin gadi, aka kawar da su daga manyan tituna zuwa lunguna da filayen ajiye motoci. Daga 1971 kuma aka shiga gina musu wurare na musamman, masu famfo da lantarki da magudanar ruwa da wurin zubar da shara, a kan kuɗin haya mai rahusa. Kafin 1986 an gama mayar da masu tallan titi kimanin 18,000 cikin waɗannan gine-gine. Ba da lallashi kaɗai aka yi aikin ba. Wanda ba shi da lasin ya ga tara da ƙwace kaya, wasu kuma da aka raba su da tsofaffin abokan cinikinsu ba su ƙara farfaɗowa ba.

Wannan aiki ya zo daidai da wani wanda ya fi shi girma. Tun daga 1960 hukumar gidaje take rushe tsofaffin unguwanni da ƙauyuka tana mayar da jama'a cikin dogayen benaye, har ya kasance a yau kusan mutum 8 cikin 10 a gidajen hukuma suke zaune. Kusan kowace sabuwar unguwa an gina mata kasuwar cefane da cibiyar abinci a tsakiyarta, inda mutum zai iya zuwa da ƙafa. A lokacin ne kuma mata suka fara shiga masana'antu da yawansu. Gidan da miji da mata duka suke fita aiki tun asuba, samun abinci mai araha a gindin bene ba ƙaramin sauƙi ba ne gare shi, haka kuma ga ƙasar da take son ta riƙe tsadar rayuwa don masana'antunta su yi gasa da na wasu. Ta wannan fuska ana iya cewa kwanon shinkafa mai araha yana cikin ginshiƙan da aka ɗora tattalin arzikin Singafo a kansu, ko da yake ba kasafai ake lissafa shi ba.

A yau akwai irin waɗannan cibiyoyi fiye da 110, da rumfunan dafaffen abinci fiye da 6,000. Abin ban sha'awa, har yanzu da kalmar Ingilishi mai ma'anar "ɗan talla" ake kiran masu rumfunan, alhali sun shekara 40 ba su ɗauki kaya sun zaga ko'ina ba.

Cikin Cibiya

Cibiyar abinci babbar rumfa ce mai rufi, a buɗe ta gefe don iska ta ratsa, fankoki suna juyawa a sama. Ƙananan shaguna ne a jere, kowanne bai fi ya ɗauki mutum biyu ko uku a tsaye ba, kuma galibi abinci iri ɗaya ko biyu kawai yake yi, wani ma ya shekara 30 a kan abu ɗaya. Wadda ta fi girma, a unguwar Sinawa, tana da rumfuna fiye da 200. Ta Tekka tana unguwar Indiyawa, ta Geylang Serai tana tsohuwar unguwar Malayawa, inda ake cin babbar kasuwar dare a watan azumi. Akwai kuma Lau Pa Sat a tsakiyar bankuna, tsohuwar kasuwa ce mai ginshiƙan ƙarfe da aka ƙero a Glasgow aka kafa a 1894, wadda da yamma ake rufe titin da ke gefenta a jera murahun gashin nama.

Amma abin da ya fi kome muhimmanci a tsarin shi ne teburan da ke tsakiya. Ba na kowane mai rumfa ba ne. An kafe su a ƙasa da kujerunsu, duk wanda ya sayi abinci daga kowace rumfa yana da ikon zama inda ya sami wuri, kuma da tsakar rana wuri yakan yi wuya har mutum ya zauna da wanda bai sani ba. Ta haka direban tasi da ma'aikacin banki da ɗan makaranta da tsohuwa mai shara sukan haɗu a tebur ɗaya. Abokan aiki huɗu, Basine da Bamalaye da Ba'indiye biyu, sukan watse kowa ya bi layin rumfar da ta dace da addininsa da aljihunsa, sa'an nan su dawo su zauna tare. A gidan abinci irin na kowa da kowa, inda tukunya ɗaya ce take ciyar da duk wanda ya shigo, da wuya hakan ya yiwu, sai wani ya haƙura ya zauna yana kallo. Hausawa sun ce zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi. A nan an sami hanyar da za a amsa gayyatar ba tare da an sa hannu a akushi ɗaya ba.

Wurin yana da ladubbansa da ba a rubuta ba. Wanda yake son kama wuri kafin ya je layi sai ya ajiye ɗan ƙunshin takardar goge hannu, ko lema, a kan tebur, kuma ba mai taɓawa. Baƙon da bai sani ba ya ture ya zauna yakan sha harara. Akwai kuma waɗanda aka rubuta: tun daga watan Satumba na 2021 doka ta wajabta wa kowa ya kwashe kwanukansa ya mayar in ya gama, wanda ya sake ƙin yi bayan gargaɗi kuma a ci shi tarar dala 300 ta Singafo.

Abincin da Zama Ya Haifar

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Duk da cewa kowane jinsi yana riƙe da tukunyarsa, da yawa daga cikin abincin da Singafo take alfahari da su babu su da wannan siffa a ƙasashen da aka ce daga can suka fito.

A ɗauki shinkafa da kaza irin ta mutanen Hainan, wadda ake ɗauka kamar ita ce abincin ƙasa. Ana sulala kaza a ruwan da bai cika tafasa ba, a tsoma ta a ruwan sanyi don fatar ta yi santsi, sa'an nan a soya ɗanyar shinkafa da kitsen kazar da tafarnuwa da citta, a dafa ta da romon. Tushenta yana Hainan, amma yajin barkono da lemon tsami da ake ci da ita na yankin Malaya ne. Su mutanen Hainan ɗin a makare suka iso, suka tarar Hokkien da Teochew sun riga sun kame fatauci, sai suka shiga aikin kuku a gidajen Turawa da jiragen ruwa. Daga nan suka koyo gasa burodi da dafa gahawa, suka buɗe shagunan karin kumallo, inda har yau ake cin gasasshen burodi da man shanu da wani abin shafawa mai zaƙi, kaya, wanda ake yi da madarar kwakwa da ƙwai da sukari.

Laksa kuwa ta mutanen da ake kira Peranakan ce, watau zuriyar fataken Sinawa na farko da suka auri matan ƙasa a Malaka da Penang da Singafo. Taliyar ta Sinawa ce, romon kuma na Malayawa, da madarar kwakwa da barkono da busasshen jatan lande. Mee goreng ta fi wannan ma cakuɗa: Indiyawa Musulmi ne suka shahara da ita, taliyar da kaskon suyar na Sinawa ne, sunan na Malay ne, ana kuma jefa mata tumatirin kwalba irin na Turawa. Wanda ya je Indiya neman ta zai sha yawo. Haka kan kifi da miyar kori. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne, wani mai gidan abinci ɗan Kerala ne ya fara yin ta a shekarun 1940, da ya lura cewa kan kifi abin so ne wurin Sinawa, sai ya dafa shi cikin miya irin ta garinsu.

Malayawa suna da nasi lemak, shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, ana ci da yajin sambal da soyayyar gyaɗa da ƙananan busassun kifaye da ƙwai. Suna da satay, wanda duk wanda ya san tsire zai gane shi da gani, sai dai tsinkensa ƙanana ne, naman yana da zaƙi-zaƙi, gyaɗar kuma ba a barbaɗa ta a jiki, miya ake yi da ita a tsoma. Akwai kuma rojak, haɗin abarba da kokwamba da soyayyen ƙulli da wani baƙin miya mai zaƙi da yaji. Ma'anar kalmar a harshen Malay ita ce cakuɗa, kuma mutanen Singafo sukan kira kansu da al'adarsu da wannan suna cikin raha.

Harshen Ciniki

Ɗalibin harshe zai sami abin nazari a bakin rumfar mai shayi. Sunan shagon ma, kopitiam, haɗi ne na kopi, gahawa da harshen Malay, da tiam, shago da harshen Hokkien. Ita kopi ɗin, in aka bi sawunta ta cikin harshen Holanda, za a tarar ta koma ga kalmar Larabcin nan da Hausa ta aro ta ce gahawa. Wanda ya ce kopi kawai za a ba shi da madara mai kauri mai zaƙi. In ya ce kopi o, to, baƙa yake so da sukari, domin o baƙi ne da Hokkien. In ya ƙara da kosong, kalmar Malay mai nufin wofi, to, ko sukarin ma ba ya so. Ba'indiye yana faɗin haka, Bature mazaunin birnin ma ya koya. Kalmar makan, ci da harshen Malay, ta zama ta kowa. Mai saye kuma ba ya kiran dattijon mai rumfa da suna, sai ya ce masa kawu, mace kuma goggo, ko da ba jinsinsu ɗaya ba.

Wani abin lura shi ne, tun daga 1979 gwamnati ta ƙaddamar da yaƙin sa Sinawa su bar kare-karen harsunansu su koma Mandarin, kuma ta yi nasara ƙwarai, har jikoki da yawa ba sa iya hira da kakanninsu da harshen gida. To amma sunayen abinci sun ƙi sauyawa. Saurayin da ba ya iya haɗa jimla guda da Hokkien ko Teochew, da su yake neman char kway teow, soyayyar taliyar shinkafa mai faɗi, ko bak kut teh, farfesun haƙarƙarin alade. Cibiyar abinci tana cikin 'yan wuraren da waɗannan harsuna suka rage da rai a bainar jama'a.

Halal da Haram

Kada a ɗauka cewa babu katanga. Musulmi sun kai wajen kashi 15 cikin ɗari na jama'a, alhali naman alade da kitsensa su ne gishirin girkin Sinawa. Mabiya addinin Hindu ba sa cin naman sa, wasu mabiya Buddha ma haka, wasu kuma ba sa cin nama sam. Majalisar addinin Musulunci ta ƙasar, MUIS, wadda aka kafa a 1968, ita ke ba da takardar shaidar halal tun daga 1978, kuma mai rumfar da ba Musulmi ba yana iya neman ta in ya cika sharuɗɗa. Rumfar da ta rubuta cewa ba ta sa alade ba ta zama halal da wannan kawai ba, masu kiyayewa sun san bambancin. Kwanuka da cokulan rumfunan Musulmi dabam suke, sau da yawa har launinsu, wurin mayar da su ma dabam ne.

Wannan tsari ba ƙawa ba ne. A 1964, shekara guda kafin 'yancin kai, an yi tarzoma sau biyu tsakanin Sinawa da Malayawa, ta farko ta tashi ne ranar 21 ga Yuli a lokacin zagayen Mauludi, mutum 36 suka rasa rayukansu a duka biyun. Shugabannin ƙasar ba su manta ba, shi ya sa a 1989 suka ƙayyade yawan kowane jinsi a kowane benen hukuma, don kada unguwannin ƙabila su sake tsirowa. Cibiyar abinci ita ce inda waɗannan maƙwabta na dole suke ganin juna kullum.

Sai dai gaskiya ita ce, cin moriyar bai zo daidai ba. Basine yana iya ci daga kowace rumfa, amma Musulmin da ke unguwar da Sinawa suka fi yawa yana iya tarar da rumfuna biyu ko uku kacal da zai saya daga cikin hamsin. Zama a tebur ɗaya kuma ba lalle ne ya kai ga hira ba, sau da yawa kowa kansa a sunkuye yake. Duk da haka akwai alamar cewa wani abu ya shiga jini. A 2011 wata jarida ta ba da labarin wasu sababbin zuwa daga ƙasar Sin da suka kai ƙarar maƙwabtansu Indiyawa saboda ƙanshin miyar kori, aka sasanta a kan cewa ba za a dafa ta ba sai in masu ƙarar ba sa gida. Jama'a suka fusata, Sinawan Singafo da yawa a cikinsu, aka yi gangami ta Facebook, ranar Lahadi 21 ga Agusta dubban gidaje suka ɗora tukunyar kori. Wasu masu lura sun ce akwai ƙyamar sababbin baƙi a cikin wannan fushi, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma ya nuna cewa Basinen da aka haifa a Singafo yana ganin miyar Ba'indiye tasa ce.

Matsalar Magada

Suna kam an yi shi. A 2016 littafin Michelin na Faransa, mai auna darajar gidajen abinci, ya ba wa rumfuna biyu tauraro, ɗaya daga cikinsu ta Chan Hon Meng ce, wanda a lokacin yake sayar da shinkafa da kaza a kan dala 2, ko da yake ya rasa tauraron a 2021. A watan Disamba na 2020 kuma hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin jerin abubuwan gadon ɗan Adam, abin da bai yi wa wasu mutanen Malesiya daɗi ba, domin suna ganin yawancin abincin nasu ne tare, nasu ma ya fi ɗanɗano. Karramawar ta zo a shekarar da annobar korona ta sa aka hana zama a ci a cibiyoyin na fiye da wata biyu, aka ɗaure kujeru da igiya, tsofaffin da ba su iya ciniki ta wayar hannu ba suka zauna suna kallon tukwanensu.

Babbar damuwar ita ce wa zai gada. A wajen 2020 matsakaicin shekarun masu rumfuna kimanin 60 ne. Aikin yana da wuya. Da yawa sukan tashi tun kafin asuba su ɗora romo, su yini a tsaye gaban wuta a ɗaki mai ƙunci. Burin mutanen farko shi ne su ilmantar da 'ya'yansu don kada su yi irin wannan wahala, kuma burin ya cika: 'ya'yan sun zama injiniyoyi da akantoci da likitoci. Nasarar da sana'ar ta samu ita ce take cinye ta.

Ga kuma zancen farashi. Jama'a sun saba da cewa kwanon abinci a cibiya bai kamata ya wuce 'yan daloli kaɗan ba. Mutumin da zai biya ninki uku don taliyar Japan a kanti mai na'urar sanyaya ɗaki, shi ne zai yi ƙorafi in kawu ya ƙara rabin dala. Masu rumfuna na farko suna biyan haya mai rahusa, amma sabon shiga ta gwanjo yake samun rumfa, kuma a 2024 an sami wanda ya taya rumfa guda a kan fiye da dala 10,000 a wata, ko da yake galibi ba sa kai kusa da haka. Watau arahar da birnin yake tinƙaho da ita, wani ɓangare nata daga gumin tsofaffi ake biyansa.

Akwai wani abu kuma mai ɗaure kai. Sana'ar da baƙi suka kafa da sanda a kafaɗa, a yau ba a ba wa baƙo lasin rumfa a cibiyoyin hukuma, sai ɗan ƙasa ko mai takardar zaman dindindin. Hujjar ita ce a kare sana'ar da ɗanɗanonta. Amma waɗanda suka fi kama da masu talla na farko, watau leburorin gini daga Bangladesh da Indiya da Sin, da yawansu suna kwana a manyan gidajen ma'aikata a bayan gari, ana kai musu abinci a ƙunshe.

Gwamnati, wadda ta daina gina sababbin cibiyoyi bayan 1986, ta ba da sanarwar komawa ginin a 2011. Ta kuma fito da shirye-shiryen koyar da matasa sana'ar, da ba su rumfa a kan rangwamen haya su gwada, da kuma hanyar da dattijon da ba shi da magaji a gida zai miƙa rumfarsa da sirrin girkinsa ga almajirin da ba jininsa ba. An sami matasa da suka shiga, wasu ma da digirinsu, amma da yawa sukan zaɓi abincin da ya fi kawo riba kuma bai kai na gargajiya cin lokaci ba. Abin da a da ake kwana ana yi da hannu, kamar curin kifi da yajin sambal, yanzu sau da yawa daga masana'anta yake zuwa a leda. Idan wani sanannen dattijo ya ce zai rufe, jaridu sukan buga, layi ya yi tsawo a makonsa na ƙarshe, mutane su tsaya awa biyu don kwano ɗaya. Bayan nan sai rumfar ta koma hannun hukuma, a sa lambarta cikin jerin waɗanda za a yi gwanjonsu.